Ba Kabari, Ba Labari: Amsa Ga 'Yar'uwar Da Mijinta Ya Ɓata

Wasiƙar wannan makon daga Mubi ta zo. Na rage mata tsawo, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni 'yar kudancin Borno ce, shekaruna 34, yanzu ina raɓe a Mubi da 'ya'yana uku. Damina biyu ke nan da mutanen daji suka tare maigidana a hanyar gona tare da wasu mutum biyu. An tsinci gawar ɗaya, ɗaya ya kuɓuto bayan kwana tara, nawa kuwa shiru har yau. Ba kabari, ba labari. Surukata ta ce duk wanda ya kira ɗanta marigayi ba ta yafe ba. Ƙanin mahaifinsa kuma ya ce a yi addu'ar tunawa, a raba gona, kowa ya huta. Akwai wani mai annabci da ya ce ya gan shi da rai a kan dutse, sau uku ina kai masa kuɗin azumi. Ranar Ista da ta wuce ana ta kiɗa da rawa, ana cewa Yesu ya tashi, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Na zagaya bayan majami'a na yi ta kuka. Ɗana na fari, mai shekara 11, ya tambaye ni: in Baba ya mutu a daji ba a binne shi ba, ta ina zai tashi? Na rasa amsa. Mama, bangaskiyata ce ta mutu? Zunubi na yi? Ga damina ta ƙarato, wani dattijon ikilisiya ya ba ni aron fili kusa da gari, amma ko fartanya ba na iya ɗagawa. Mene ne amfanin shuka in mutum bai san ko zai ga kaka ba?"

'Yata, sannu. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin in iya ɗaukar alƙalami, kuma ba zan ce miki na san abin da kike ji ba. Nawa maigidan ciwo ya yi. Na yi jinyarsa, na rufe masa ido da hannuna, na san inda yake kwance, nakan je in cire ciyawar da ta fito a kai. Ke ko wannan ba ki samu ba. Don haka ki karɓi maganata a matsayin ta uwa da ta daɗe tana zama a tabarma ɗaya da mata masu kuka, da Littafi Mai Tsarki a buɗe a tsakaninmu.

Ba ki yi zunubi ba, bangaskiyarki kuma ba ta mutu ba. Wadda bangaskiyarta ta mutu ba ta yin wanka ta shirya 'ya'ya ta kai su sujada ranar Ista. Ki buɗe Yohanna sura 20 ki karanta a hankali, ki ga wace ce ta fara isa kabari a safiyar tashin Ubangiji. Maryamu Magadaliya ce, tun da sauran duhu. Ba waƙa ta je yi ba. Gawa ta je nema, kuma ba ta same ta ba. Ki lura da abin da ke bakinta. Ta ruga ta gaya wa Bitrus cewa an ɗauke Ubangiji daga kabari, ba su san inda aka sa shi ba. Mala'iku suka tambaye ta abin da ya sa take kuka, ta sake faɗar wannan maganar. Ta juya ta ga wani a tsaye, ta zaci mai lambun ne, ta roƙe shi in shi ne ya ɗauke shi ya nuna mata wurin, ita za ta je ta ɗauko. Sau uku, magana ɗaya: ban san inda aka sa shi ba. Wannan ba maganarki ba ce, 'yata? Ba ita kike kwana da ita kike tashi da ita ba?

To, macen da ta tsaya a waje tana kuka, ba ta cikin taro, ita Yesu ya fara bayyana wa. Bai tsawata mata ba, bai ce ina bangaskiyarki ba. Ya tambaye ta wa take nema, sannan ya kira ta da sunanta. Da na karanta cewa kin zagaya bayan majami'a, wannan wurin ne ya faɗo mini a rai. A ganina, a ranar nan babu wanda ya fi ki kusa da Ista ta farko a duk majami'arku.

Ina son kiɗan Ista. Shekaru masu yawa na yi a Zumuntar Mata, na san daɗin da ake ji in tulu da ganga suka haɗu, mata suka ɗauki amshi. Amma muna da wani sakaci a ikilisiyoyinmu da ya kamata mu gyara. Daga Juma'ar gicciye sai mu yi tsalle mu dira a kan Lahadi, kamar babu Asabar a tsakani. Akwai Asabar. Luka ya ce matan sun shirya kayan ƙamshi da man shafawa, suka zauna ranar Asabaci bisa ga doka, ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Ga kayan jana'iza a gefe, ga shiru daga sama. Wasu 'yan'uwanmu Asabar ɗinsu kwana ɗaya ce. Taki ta kai damina biyu. Akwai matan Gwoza da Madagali da Chibok da tasu ta haura shekara goma. In ikilisiya ba ta san yadda ake zama da mutanen Asabar ba, ba ta gama koyon bishara ba.

Kada kuma kowa ya rufe miki baki da cewa Kirista ba ya kuka. A Betanya, Marta ta tari Yesu a hanya ta gaya masa ido da ido cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Ƙorafi ne, kuma ga wannan mai ƙorafin ne ya ce, "Ni ne tashin matattu, ni ne rai." Bayan haka, yana sane sarai cewa nan da ɗan lokaci zai kira Li'azaru ya fito, sai da ya zubar da hawaye. Bulus ma bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba. Cewa ya yi kada su yi irin na waɗanda ba su da bege. In addu'a ta ƙi fita, ki karanta Zabura 88 da ƙarfi. Daga farkonta har ƙarshenta kuka ne, a duhu ta ƙare, amma Allah ya bar ta cikin littafinsa don ranaku irin naki.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Akwai fata, akwai bege, kuma wahalarki ta ƙaru ne don an cakuɗa miki su. Fatanki shi ne wata rana a yi sallama a ƙofa ki ji muryar maigidanki. Ba wauta ba ce. Daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace ranar 14 ga Afrilu 2014, an sako 21 a watan Oktoba 2016, aka sako 82 a watan Mayu 2017, wasu kuma suka yi ta fitowa ɗai-ɗai bayan shekaru, alhali an daɗe da fid da rai. Amma akwai waɗanda har yau iyayensu na jira, wasu iyayen ma sun rasu suna jira. Don haka ba zan ce miki yana raye ba, ba kuma zan ce ya mutu ba. Allah bai ba ni wannan sanin ba. Ki ci gaba da fata, ki ci gaba da roƙo. Sai dai Allah bai yi wa kowannenmu alkawari a rubuce cewa wanda aka sace zai dawo gida ba, kuma in kika ɗora bangaskiyarki duka a kan wannan, kowace jita-jita za ta ɗaga ki ta buga da ƙasa.

Bege dabam ne. Ina son yadda kalmar take a bakinmu. In Bahaushe ya ce yana begen wani, kewarsa yake yi, zuciyarsa na can wurinsa. Mu masu bi kuma in muka ce bege, muna nufin sa zuciya ga alkawarin Allah wanda ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kalma ɗaya ta ɗauki duka biyun, kewa da tabbaci, kuma ba sai kin zubar da ɗaya kafin ki riƙe ɗaya ba. Tabbacin kuwa yana cikin Romawa 14:8-9. Ko mun rayu, ko mun mutu, mu na Ubangiji ne, gama dalilin da ya sa Almasihu ya mutu ya kuma tashi ke nan, don ya zama Ubangijin matattu da na masu rai. Ke ba ki san a wane ɓangaren mijinki yake ba. Amma ɓangarori biyu ne kawai, kuma dukansu a hannun Mai Tashi suke. In yana can bisa dutse a tsare, na Ubangiji ne. In ya riga mu, na Ubangiji ne. Mutanen daji sun iya raba shi da ke, ba su da ikon kai shi wani wuri na uku inda Yesu ba ya mulki.

Kin san labarin Rabaran Lawan Andimi, faston EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da aka kama a Michika a watan Janairu 2020. A bidiyon da masu tsare da shi suka fitar, ya yi magana a natse. Ya nuna yana fatan komawa wurin matarsa da 'ya'yansa, ya kuma nuna cewa in ba a ba shi wannan dama ba, yana hannun Allah. Cikin watan nan aka kashe shi. Fatansa bai cika ba, amma duk wanda ya kalli fuskarsa ya ga cewa ba a kan fatan yake tsaye ba.

Wannan zai taimake ki a wajen addu'a ma, domin mata da yawa a halinki suna gaya mini ba su san yadda za su ambaci mijin a gaban Allah ba. Ki faɗi gaskiyar abin da kika sani kawai. "Ya Uba, kai ka san inda yake. In yana da rai, ka ciyar da shi, ka tsare bangaskiyarsa, ka buɗe masa hanya. In yana wurinka, na gode da ka karɓe shi. Ni da yaran nan kuma ka riƙe mu yau." Ba sai kin yanke hukuncin da ba naki ba kafin ki durƙusa.

Tambayar ɗanki kuwa, yaron nan ya yi tunani, kuma ba shi ne farkon wanda ya yi ta ba. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar da ake kira Faransa a yau, an kashe Kirista da yawa, har da wata baiwa mai suna Balandina da bishop ɗinsu tsoho tukuf. Aka hana 'yan'uwa binne su. Kwana shida gawarwakin suna yashe, sannan aka ƙone su aka share tokar cikin kogin Ron. Da gangan aka yi haka, don masu tsanantawar sun san Kirista na sa zuciya ga tashin matattu, suka zaci in babu gawa to zancen ya ƙare. Ikilisiyar wurin ta rubuta labarin ta aika wa 'yan'uwa a Asiya, ba ta kuwa daina shaidar tashin jiki ba. Musa kansa, bawan Allah, Littafi ya ce ba wanda ya san kabarinsa, amma sai ga shi a kan dutse yana magana da Yesu a gaban Bitrus da Yaƙub da Yohanna. A Ru'ya ta Yohanna 20:13 kuma an ce teku ma zai ba da matattun da ke cikinsa.

Akwai wata uwa 'yar Afirka da nake yawan tunawa, Monika, mahaifiyar Agustin, babban malamin ikilisiya na zamanin dā, mutumiyar ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ta riga ta tanadi wurin kwanciyarta a gida kusa da kabarin mijinta, sai ajali ya same ta a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387. Da aka tambaye ta ko ba ta jin tsoron barin jikinta nesa da gida, sai ta amsa cewa babu inda ya yi wa Allah nisa, kuma ba ta fargabar zai rasa inda zai tashe ta a ranar ƙarshe. Kabari don mu masu rai ne, 'yata, don mu sami inda za mu tsaya mu yi kuka, shi ya sa rashinsa ke da zafi haka. Allah kuwa ba ya bukatar alama kafin ya gane nasa.

Ki zaunar da yaron, ba a gaban ƙannensa ba, ki ce masa: "Ban sani ba ko Baba yana da rai. Amma wanda ya yi Adamu daga ƙurar ƙasa bai manta da ƙashin kowa ba. Ko a daji, ko a ruwa, ko a dutse, in Yesu ya kira sunan Baba zai amsa." Kada ki yi masa alkawarin da ba ki da ikon cikawa, yara suna riƙe irin wannan. Ki nuna masa Luka 24, inda Yesu ya ce wa almajirai su taɓa shi su ji, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, har ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Yaro zai gane wannan. Abin da muke jira mutum ne da jikinsa, da muryarsa, wanda za a gane.

Ki kuma sa ido a kan zuciyar yaron nan. Ɗan shekara 11 da aka ɗauke wa uba, in ba a kula ba, da ƙullin ramuwa zai girma, wataƙila ma ya ɗora laifin a kan duk wanda ba addininsu ɗaya ba. Ki nuna masa matan Musulmi da ke kasuwar Mubi waɗanda su ma mazansu da 'ya'yansu suka ɓata a wannan masifa, kukanku ɗaya. Ki gaya masa cewa Yesu ya tashi da tabon ƙusoshi a hannunsa, ya nuna wa Toma, wato Allah bai share abin da aka yi kamar ba a yi ba. Bulus ya faɗa a Atina cewa Allah ya sa ranar da zai yi wa duniya shari'ar adalci, ya kuma tabbatar da haka ta wurin ta da Yesu daga matattu. Akwai ranar da za a tambayi waɗanda suka tare hanyar gonar nan. Ba ɗanki ne zai ɗauki wannan kaya ba.

Mai annabcin nan, ki daina zuwa wurinsa daga yau. Ba na ganin laifinki, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma Ubangiji ya ce wa almajiransa kyauta suka samu, kyauta za su bayar, kuma mutumin da ke karɓar kuɗin abincin yara uku don ya yi azumi ba daga wurin Allah ya zo ba. Ya gane inda ciwonki yake, shi yake dannawa. In da gaske ya san dutsen, ya je ya gaya wa jami'an tsaro. Ki sanar da fastonku, ba don a kunyata ki ba, don akwai wasu matan da yake cuta.

Inda ya kamata ki kai sunan mijinki shi ne wurin masu neman ɓatattu na gaskiya. Ƙungiyar Red Cross tana da shirin sada iyalan da rikici ya raba, tana rajistar waɗanda suka ɓata, kuma ba a biyan ko kwabo. Mutanen da aka yi wa rajista a Nijeriya sun haura dubu 20, akasarinsu daga arewa maso gabas. Ki tambayi ofishinsu mafi kusa, ki tafi da hotonsa in kina da shi, da ranar da abin ya faru, da sunan wurin, da abin da wanda ya kuɓuto ya gani. Ba tabbas ba ne za a same shi, amma sunansa zai shiga inda ake dubawa in an kuɓutar da mutane.

Maganar surukarki da ƙanin mahaifinsa tana bukatar haƙuri. Tsohuwar nan ɗa ta haifa, kada ki yi jayayya da ita. Addu'ar tunawa ta marigayi ce, kuma ba wanda ke da hurumin tilasta miki ki ce mijinki ya mutu. Ga abin da na ga ya yi amfani a wasu gidaje: ki roƙi fasto da dattawa su shirya sujada ta musamman, ba jana'iza ba, inda za a kira sunansa da ƙarfi a gaban jama'a, a danƙa shi a hannun Allah ko yana raye ko ya huta, a kuma ɗora muku hannu ke da yaran da kakarsu. Surukarki za ta iya zama a irin wannan taro ba tare da ta ji an binne mata ɗa da rai ba. Ke kuma za ki sami ranar da ikilisiya ta yi kuka tare da ke a fili.

Gona kuwa, kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan kowace takarda. A dokar shaida ta Nijeriya, sai mutum ya shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba kafin kotu ta ɗauka ya mutu. Ko da an kai can, 'ya'yansa ne a gaba. In za a yi zaman dangi, kada ki je ke kaɗai, ki tafi da fasto da dattijo ɗaya da shugabar Zumuntar Mata. In aka matsa miki, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata irinki. Ki yi magana da ladabi, ki kira shi Baba yadda kika saba, amma ki tsaya a kan cewa gonar amanar yara ce har a san gaskiya.

Kin ce ko fartanya ba kya iya ɗagawa. Wannan ba lalaci ba ne, baƙin ciki yana sauka a jiki. In barci ya ƙaurace miki, ko abinci ba ya shiga, ko kina jin gara ki mutu, ki gaya wa ma'aikacin lafiya da wata uwa da kika amince da ita cikin wannan makon. Ikilisiyoyi a yankinku suna shirya zaman warkar da raunin zuciya, ki nemi a sa sunanki. Shan magani da neman taimako ba su rage wa kowa bangaskiya.

Sai tambayarki ta ƙarshe, amfanin shuka. Ni 'yar ƙasar Malumfashi ce, kuma akwai abin da mahaifina yake yi duk shekara da ban gane ba sai da na girma. Tun kafin ruwa ya sauka, rana na dukan ƙeya, ƙasa ta bushe ƙayau, sai ya ɗauki sungumi ya ce mu fita. Yana gaba yana sara, mu muna biye da ƙwaryar gero, mu jefa 'yan ƙwayoyi a rami mu tura ƙasa da diddige mu taka. Ƙura na shiga mana hanci, ko gajimare ɗaya babu a sama. Geron nan kuwa daga bakinmu aka rage shi, don a lokacin rumbu ya kusa ƙarewa. Kin san sunan wannan shukar? Binne. Kalmar da muke faɗa wa gawa, ita manomi ke faɗa wa irin da ya sa a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan da bai gani ba. Sai a yi mako biyu, uku, gona shiru kamar ba a sa komai ba. Daren da ruwan farko ya sauka, bayan 'yan kwanaki mu fita mu tarar da layuka kore shar.

Bulus bai san Malumfashi ba, amma da wannan misalin ya amsa wa Korintiyawa da suka tambayi yadda matattu za su tashi. Ya ce abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu, ƙwaya tsirara kake sakawa, Allah ne ke ba ta jiki. Ana shukawa cikin ruɓa, ana tashi cikin rashin ruɓa, ana shukawa da rauni, ana tashi da iko. Binnen manomi yakan ci tura. Wani lokacin yayyafi ya yaudari iri ya tsiro ya ƙone, mu sake shuka. Na Allah ba haka yake ba, domin nunan fari ya riga ya fito, Almasihu ya tashi, kuma Bulus ya lissafa waɗanda suka gan shi, har da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, yawancinsu suna raye a sa'ad da yake rubutun. Abin da ke burge ni shi ne inda ya sauke wannan doguwar sura ta 15 ta 1 Korintiyawa. Bai ce to ku naɗe hannu ku jira sama ba. Cewa ya yi ku tsaya daram, ku yi ta aikin Ubangiji, wahalarku ba banza ba ce. Daga nan ma sai ya shiga zancen tara gudummawa don 'yan'uwa mabukata.

Irmiya ya yi abin da ya fi wannan ban mamaki. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke Anatot. Ya saya a kan shekel 17 na azurfa, aka rubuta takarda a gaban shaidu, ya ce wa Baruk ya sa ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe, gama Allah ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Littafi bai gaya mana Irmiya ya taɓa cin amfanin gonar nan ba, Masar ma aka tafi da shi a ƙarshe. Ke kanki kina zaune a garin da aka ƙwace a ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da har hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka watsu a ƙafa, wasu Yola, wasu Kamaru. Yau a Mubin nan kike zuwa sujada, kuma a watan Maris 2023 ikilisiyar EYN ɗin, wadda aka fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ta cika shekara 100. Ba kowa ne ya dawo ba, ni ma na sani. Amma waɗanda suka dawo, da shuka suka fara.

Don haka ki karɓi filin nan. Tsohuwar gonarku ta can gida kada ki kusance ta tukuna, jefa kai cikin haɗari ba bangaskiya ba ce, yaran nan ke kaɗai suke gani. Wannan na kusa da gari kuwa, ba sai kin nome shi duka ba. Ki gaya wa shugabar Zumuntar Mata a fili cewa ƙarfinki bai kai ba, ki roƙi a yi miki gayya rana ɗaya. In kunya ta hana ki, ki nuna mata wannan amsar, na roƙa a madadinki. Ranar shuka ki tafi da ɗanki na fari. Ki ba shi sungumi ya shiga gaba yadda babansa yake yi, ke ki bi baya da ƙwaryar iri, ƙananan su riƙa turawa da diddige. In kuka ya zo miki a tsakiyar layi, ki tsaya ki yi abinki, sannan ki ci gaba. Masara ko gyaɗa, ko layi goma ne.

Ranar Lahadi kuma ki koma majami'a. In waƙa ta ƙi fita, ki zauna a bencin baya ki bar 'yan'uwa su rera a madadinki, akwai ranar da ke ma za ki rera wa wata. Na rubuta sunanki da na maigidanki a bangon Littafina, inda nake ajiye waɗanda nake ambata da asuba. Ki rubuto mini bayan noman farko, ina so in ji yadda yaron yake da abin da dattawa suka ce game da sujadar.

Taki cikin Ubangiji,
Mama